Kurankshaf na hannu: abin da na auna kafin in sa shi a bulo

6 ga Afrilu

Yau kurankshaf ɗin ya zo hannuna, wato sandar ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke juyawa a gindin injin mota. Na hannu ne, an ciro shi daga wani injin da aka wargaza, iri ɗaya da nawa: silinda huɗu a jere, wuyan men biyar (inda yake zama a bulo, wato gangar jikin injin), wuyan konrod huɗu (inda sandunan fistin ke kama shi). Nawa na asali ya tashi daga aiki tun ranar da injin ya buga. Metal ɗin konrod na uku, wato siririn ɓawon ƙarfen da wuyan ke juyawa a cikinsa, ya narke ya juya a mazauninsa, wuyan ya yi shuɗi kamar an gasa shi, ga zane mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki. Mai yankan kurankshaf ya duba ya ce ko an rage kaurin wuyan da milimita 0.75 zanen ba zai ɓace ba, kuma ƙarfen da ya sha irin wannan zafin ba abin amincewa ba ne.

Wannan da na sayo, a ido dai lafiya lau, sai ƙyalli yake. Wanda ya sayar min ya ce standa ne, wato ba a taɓa yanka shi ba, ɗaurawa kawai zan yi. Na haɗa da metal standa na men da na konrod a tafiya ɗaya, don kada in yi sawu biyu. Amma na ƙudurta ba zai shiga bulo ba sai na bi wuyoyin nan tara ɗaya bayan ɗaya da awo, na rubuta abin da na gani a nan. Na taɓa jin ƙarar bugun inji ina tsakiyar hanya, ba na fatan in sake ji.

7 ga Afrilu

Wanki. Na jiƙa shi a kananzir tun safe, da yamma na bi shi da buroshi. Jikinsa bai ba ni wahala ba, ramukan mai ne suka cinye min lokaci. Daga wuyan men ake huda rami a karkace ya ɓullo a wuyan konrod, ta nan baƙin mai ke bi ya kai ga metal ɗin konrod. Na zura siririn buroshi a kowanne. A uku daga ciki abin da ya fito ruwan datti ne kawai, amma ramin da ke kai wa konrod na biyu ya fitar da wani baƙin dasƙararren abu mai kauri kamar kwalta. Na sa wa wannan wuyan alama da alli. Inda mai bai isa sosai ba, can nake sa ran ganin ci.

9 ga Afrilu

Duban ido da na hannu, a ƙarƙashin fitila mai haske.

Na ja farce a kan kowane wuya daga gefe zuwa gefe. A men biyar ɗin farce na wucewa sumul. A konrod na biyu akwai siraran zane guda biyu da ake ji, ba su da zurfi. Babu shuɗi ko ruwan ƙasa a ko'ina, wato bai taɓa ƙonewa ba, kuma wannan ya kwantar min da hankali fiye da komai.

Hancin gaba, inda fuli ke zama: ramin ki bai buɗe ba, gefunansa a tsaye suke. Zaren notin fuli lafiya. A baya, ramukan notin filawil duk notinsu na shiga da hannu. Sai dai inda oyil sil na baya ke gogawa akwai layi zagaye da leɓen sil ɗin ya ci, farce na tsayawa a kai. Roba ce ke cin ƙarfe a nan, a hankali, da taimakon ƙurar da ke maƙale a leɓen. Zan dawo kansa daga baya.

Na rataye shi da igiya na ƙwanƙwasa kumatunsa, wato faffaɗan ƙarafan da ke tsakanin wuya da wuya, da ƙaramar guduma. Ya yi ƙara mai ja, ba ta mutu nan take ba. Tsofaffin makanikai na son wannan gwajin, ni ma na yi, amma ban ɗauke shi hujja ba. Ƙaramin tsagu ba lallai ya canza ƙara ba, kuma kurankshaf na zubi da na ƙira dama can amonsu ba ɗaya ba ne.

10 ga Afrilu

Ban taɓa shi ba. Na shafe shi da mai na lulluɓe.

13 ga Afrilu

Na je wurin maigidana, wanda na koyi aiki a hannunsa, na aro maikuromita biyu, wato abin auna kauri dalla-dalla: mai auna milimita 25 zuwa 50 don wuyan konrod, da mai 50 zuwa 75 don men. Kalifa, ma'auni mai zamiya, ce kawai nake da ita, ita kuwa ba ta isa wannan aikin ba, domin duk rigimar a kan kashi ɗaya ko biyu ne cikin ɗari na milimita. Da na nuna masa hoton kurankshaf ɗin a waya ina yabon ƙyallinsa, cewa ya yi, "Kai dai je ka auna. Akwai mai kyan ɗan maciji."

Littafin injin ya ce wuyan men standa milimita 54.985 zuwa 55.000 ne, na konrod 47.985 zuwa 48.000. Na ɗora maikuromita a men na ɗaya, ta ba ni 54.74.

Na ɗauka ni ne na yi kuskuren karatu. Maikuromita rabin milimita take tafiya a kowane zagaye, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya tsallake layin rabi ya ƙara ko ya rage 0.50. Amma nan bambancin 0.25 ne, ba irin wancan kuskuren ba. Na ɗauko sandar gwaji ta milimita 50 da ke cikin akwatin, na gwada, sifili ya zauna daidai. Na koma men na biyu, na uku, har na biyar. Duka 54.74.

Sai na ɗauki fitila na bi kumatun da kyau. A kuncin farko, ƙarƙashin wani ɗan tsatsa da ban kankare ba, ga tambarin da aka buga da ƙarfe: M 010. Wato an taɓa yanka wuyoyin men, an sauke su da kashi goma cikin dubu na inci, wanda shi ne kusan 0.25 a milimita. Ƙyallin da ya burge ni aikin dutsen mai yanka ne.

Na daɗe zaune ina lissafi. Ratar da ake so tsakanin wuya da metal wajen 0.04 ce. Da na bi maganar mai sayarwa na ɗaura metal standa, da ratar ta kai kusan 0.29, ninki bakwai. Famfon mai zai yi ta turowa, man na zubewa ta gefe, fitilar mai ta riƙa kamawa da zarar inji ya yi zafi, konrod kuma su rasa rabonsu tunda daga men man ke isa gare su. Kuma da hannu ba zan gane ba, sai ma in ji daɗin yadda yake juyawa sakayau. Ban ce mutumin ya san an yanka ba, wataƙila shi ma ido ya yi wa aiki. Yankan kansa ba aibu ba ne. Kurankshaf da aka yanka da kyau yana aiki kamar kowane, muddin an ba shi metal ɗin da ya dace da shi.

14 ga Afrilu

Awo na sosai. Da safe na fara a waje, sai na lura lambobin ba sa tsayawa wuri ɗaya: kurankshaf ya sha rana, maikuromita kuma daga ɗaki mai sanyi na fito da ita. Ƙarfe na buɗewa da zafi. Wuya mai milimita 50, in ya fi abin awo zafi da digiri goma, zai ƙaru da kusan 0.006. Kamar ba komai ba, amma wannan ya kusa kashi ɗaya cikin uku na iyakar da littafi ya ba ni. Na shigar da su duka ɗaki, na bar su awa biyu tare, sannan na sake daga farko.

Kowane wuya awo huɗu: kusa da kunci na gaba da kusa da na baya, kuma a kowane wurin sau biyu, a tsaye da a kwance. Bambancin tsaye da kwance shi ke nuna ko wuyan ya zama kamar ƙwai. Bambancin gaba da baya shi ke nuna ko ya tsuke ta gefe guda. Littafi ya ce kowanne kada ya wuce 0.02. Na riƙa kauce wa bakin ramin mai, ina juya ƙaramin kan maikuromita har ya yi ƙas-ƙas sau uku, don matsin ya zama ɗaya a kowane awo. Lamba talatin da shida ke nan.

Men biyar ɗin suna tsakanin 54.735 da 54.745, sun faɗa cikin abin da littafi ya tsara wa 0.25. Wanda ya yanka su ya san aikinsa.

Konrod ba a taɓa yanka su ba. Na ɗaya da na uku 47.99 ta kowace fuska. Na huɗu ya ɗan tsuke, wajen 0.015 daga gaba zuwa baya, bai wuce iyaka ba, ko da yake yana sa ni zargin konrod ɗin da ya yi aiki a kansa ba a miƙe yake ba. Na biyu, mai alamar alli, shi ne matsalar. Ta fuska ɗaya 47.99, in na juya maikuromita kwata sai 47.95. Ƙwai na 0.04, ninki biyu na iyaka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne awon farko da na yi masa 47.99 ya ba ni. Da awo ɗaya na yi wa kowane wuya, da na rubuta "lafiya" na wuce. Wuyan konrod ba ya ci daidai a zagaye, domin nauyin da ke sauka kansa ba ɗaya ba ne a duk juyi, akwai fuskar da ke shan duka fiye da sauran. In mai ya yi ƙaranci, wannan fuskar ce ke fara tafiya.

17 ga Afrilu

Gwajin lanƙwasa, kuma yau na kusa yar da kurankshaf mai kyau.

Na ɗora men na ɗaya da na biyar a kan tubalan ƙarfe masu bakin V, na kafa agogon awo a men na uku, na juya a hankali. Allura ta yi yawo har 0.11. Iyakar littafi 0.06. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tunanin yadda zan mayar da shi. Na sake juyawa, sai ta ba ni 0.08. Na uku 0.12. Ƙarfen da ya lanƙwashe ba ya canza lanƙwasarsa daga juyi zuwa juyi, don haka na san laifin na wurin shirina.

Teburin katako ne, yana lotsawa duk lokacin da na jingina don in juya. Ƙafar agogon tana kan wani guntun ƙarfe daban, ba kan abin da tubalan ke zaune ba. Ga kuma bakin agogon yana bi ta gefen ramin mai, yana ɗan faɗawa. Na kwashe komai na kai gareji wurin maigida, muka ɗora a kan faffaɗan farantin ƙarfe, tubali da agogo duk a kansa, muka ɗiga mai a bakin V, muka matsar da bakin agogon daga layin ramin. Sau uku ana juyawa, sau uku 0.03. Ya tuna min cewa abin da allura ke nunawa ninki biyu ne na ainihin karkatar, tunda tana ganin tudu da kwari duka. A miƙe yake.

20 ga Afrilu

Neman tsagu da jan ruwa. Gwangwani uku ne: na wankewa, ja mai shiga tsagu, da fari mai jawo shi waje. Na fesa jan a gindin kowane wuya, inda yake lanƙwasawa ya haɗu da kunci, da kuma bakin ramukan mai, domin a waɗannan wuraren tsagu ya fi farawa. Na bar shi minti ashirin, na goge da tsumma, na fesa farin.

A gindin konrod na uku wani ɗan jan layi ya fito. Na wanke na sake, wannan karon na goge lungun da kyau. Bai dawo ba, ragowar jan ne da ya maƙale. Duk da haka zan sa a yi masa gwajin neman tsagu da maganaɗisu a wurin yanka. Wuya mai ƙwai ana gyara shi, amma kurankshaf mai tsagu a gindi ranar karyewarsa kawai ake jira, kuma in ya karye yakan tafi da bulo.

22 ga Afrilu

Shawara ta tsaya: za a yanka wuyoyin konrod zuwa 0.25, duka huɗun, ba na biyu kaɗai ba. Metal saiti ake sayar da shi, kuma ba na son wanda zai buɗe injin nan bayana ya tarar da wuya ɗaya daban da 'yan uwansa. Men gogewa kawai za a yi musu.

Na tsaya na duba batun taurin fata. Wasu kurankshaf ɗin taurinsu siririn ɓawo ne a sama, in aka yanka an cire shi ke nan, sai an sake taurarawa. Littafin wannan injin ya jera metal na 0.25 da girman da za a yanka wuya, wato masu ƙera shi sun yarda a yanka.

Asarar da na yi ta metal ce. Mai kaya ya karɓi na men ya canza min da 0.25, amma na konrod ya ƙi, don na riga na farke kwalin. Gaskiyarsa ne. Sauri ya haifi nawa. Na sayi wani saitin. Ko da an haɗa wannan da ladan yanka, lissafina bai kai kuɗin sabon kurankshaf ba, sai dai ratar da ke tsakaninsu ta ragu sosai fiye da yadda na zata ranar da na saya.

25 ga Afrilu

Na kai shi wurin yanka tare da sabon metal da takardar awona. Dattijon mai yankan ya karanta takardar kafin ya dubi ƙarfen, sannan ya ɗauko tasa maikuromita ya auna konrod na biyu. Lambarmu ta zo ɗaya.

Na ce, "Baba, don Allah a kula min da gindin wuyan, kada dutse ya bar shi da kaifi." Ya ce, "Wa ya gaya maka wannan, yaro?" Na ce maigidana. Ya ce to ya gaya min gaskiya, ya nuna min yadda yake gyara gefen dutsen ya yi lanƙwasa daidai da ta asali. In gindin ya zama kusurwa mai kaifi, duk wahalar juyi a nan take taruwa, daga nan tsagu ke tashi. In kuma lanƙwasar ta yi yawa, gefen metal zai hau kanta ya ƙone. Gwajin maganaɗisu a gabana aka yi, ba a ga komai ba.

27 ga Afrilu

Bai gama ba, aiki ya yi masa yawa. Na yi amfani da ranar na wanke bulo.

30 ga Afrilu

Na karɓo. Konrod huɗun duka 47.74 zuwa 47.745, ba ƙwai, ba tsukewa. An kashe kaifin bakin ramukan mai. A sabon wuri a kunci ya buga R 010 kusa da tsohon tambarin, alamar an yanka wuyoyin konrod.

An ce min an wanke shi. Na zura buroshi a ramin mai na goga a farin ƙyalle, sai ga toka-toka mai ƙaiƙayi a yatsa: garin dutsen yanka. Wannan in ya zauna, man farko da famfo zai turo shi zai kwaso shi ya zuba a kan sabon metal. Na wanke da kananzir, sannan ruwan zafi da sabulu, rami-rami, har ƙyalle ya daina canza launi. Na busar da iska na shafa mai nan take, don sabon yankakken ƙarfe ba ya jimawa yake fara tsatsa.

3 ga Mayu

Auna ratar mai da Plastigage, koren, mai auna 0.025 zuwa 0.076. Siririn zare ne mai laushi kamar kakin zuma. Ana ɗora guntunsa a kan busasshen wuya, a rufe murfi, a ɗaure yadda littafi ya ce, a kwance, sai a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin jikin takardarsa. Iya bajewarsa iya ƙarancin ratar. Sharaɗin shi ne kada kurankshaf ya motsa ko kaɗan.

Na kifa bulo, na jera metal, na kwantar da kurankshaf, na bi lambobin murafen da kibiyarsu tana kallon gaba, na ɗaure daga tsakiya zuwa waje a mataki uku. Huɗu daga cikin men biyar ɗin sun ba ni wajen 0.038. Men na huɗu ne ya bambanta: zaren ya baje sosai a gefe guda, ya wuce layin 0.025, ɗaya gefen kuma daidai da sauran. Na goge, na shafa mai na ɗaure duka don in ji da hannu. Yana juyawa, amma da nauyi, kuma da na sassauta murfi na huɗu sai ya saki.

Na fara zargin yankan, na sake auna wuyan, lafiya. Na ciro metal ɗin daga murfin, sai ga wani ɗan busasshen datti a mazauninsa, bai kai ƙwayar yashi ba, ya ɗaga bayan metal ɗin ta gefe guda. Bulo na wanke da kyau ranar 27, murafen kuwa sama-sama na yi musu. Na duba bayan metal ɗin, bai lotsa ba. Na kankare mazaunin, na goge busasshe, na sake gwaji: 0.038 daga gefe zuwa gefe. Da mai a jiki da duk murafe a ɗaure, hannu ɗaya ke juya shi, babu inda yake cijewa.

4 ga Mayu

Wasan gaba da baya. Agogo a hancin kurankshaf, na tura shi baya da sukundireba na sa sifili, na turo gaba. Da tsofaffin woshar gefe 0.28, iyaka 0.30. Duk taka kuloci tura kurankshaf yake yi a kan wannan woshar, shi ya sa take cinyewa. Na sa sababbi, fuskar mai kwarin mai tana kallon kurankshaf. Ya dawo 0.14.

6 ga Mayu

Layin da sil ya ci a baya. Na auna, na ga mazaunin sil ɗin na da sarari, don haka zan zaunar da sabon ya ɗan fi tsohon shiga ciki da kamar milimita biyu, leɓensa ya sauka a kan lafiyayyen ƙarfe. In da babu sararin, da sai an sa siririyar riga a kan wurin.

9 ga Mayu

Kurankshaf na cikin bulo, an ɗaure, na lulluɓe da leda. Yau na juya kan konrod ɗina na asali, kuma na uku ba zai koma ba yadda yake. Metal ya juya a cikinsa, babban bakin ya yi duhu, kuma sabon metal da na gwada sawa ba ya kamawa da ƙarfi kamar a sauran ukun, da ɗan yatsa yake zamewa. In na ɗaura shi a haka, wuyan da aka yanka makon jiya zai koma kamar na tsohon. Zan ɗaure murfinsa ba metal in kai a auna cikin bakin, tare da sauran ukun, a kuma duba miƙewarsu. In ya buɗe, ko a gyara bakin ko in nemo wani mai nauyi daidai da 'yan uwansa.

Famfon mai ma sai na buɗe shi, domin garin narkakken metal ta cikinsa ya bi. Ba zan yi odar komai ba sai lambobin konrod sun zo. Maikuromita ta 50 zuwa 75 zan mayar wa maigida gobe, ƙaramar kuwa na roƙe shi ya bar min ita zuwa mako mai zuwa.